Man Abba a Bindigar Atuk

Tsatsa ce abu na farko da idona ya kai kanta ranar da muka isa gidanmu na Danau Kota, a ƙasar Malayawa. Umma ta yi ta nuna mini dogayen benaye ta tagar mota, da jirgin ƙasan da ke bi ta saman titi, amma abin da ya tsaya mini a rai shi ne kwaɗon da ke jikin ƙyauren ƙarfe na ƙofarmu. Ya yi ja kamar an barbaɗa masa yaji. Abba ya sa makulli ya murɗa, ya sake murɗawa, kwaɗo ya ce bai san zance ba. Sai da ya sauke jakar da ke kafaɗarsa ya kama shi da hannu biyu.

"Sabo fil na saye shi," in ji Abba. "Garin nan ƙarfe ma gumi yake yi."

Abba ya riga mu zuwa. Ɗan sanda ne a gida, gwamnati ta ba shi damar ƙaro karatu, ya taho yin digiri na uku. Ni kuwa a lokacin na shiga sakandare ke nan, kuma ba ni da yawan magana. Ko a Kano haka nake. Idan baƙi suka zo, bayan labule nake tsayawa ina kallon takalmansu.

Ba a daɗe ba muka gane abin da Abba yake nufi. Takalman Umma na fata suka yi fumfuna a cikin kabad. Almakashinta ya cije. Keken ɗinkin da ta saya na hannu ya fara ƙara kamar ƙofar tsohon shago. Sai Abba ya ɗaura yaƙi da tsatsa. Ya ce man keke shi kaɗai ba ya zama, laimar garin tana wanke shi, don haka ya ƙirƙiro nasa haɗin. Yakan zuba man keke a wata tsohuwar kwalbar turare, ya ɗebo basilin da tsinken ashana ya tura ciki, ya tsoma kwalbar a ruwan zafi har su haɗu. Kowace Lahadi da hantsi yakan zagaya gidan da ita. Kwaɗo, maratayin ƙofa, zif ɗin akwatuna, fanka, har ƙusoshin gado.

"Saura ni da 'yarka ka shafa mana," Umma takan ce.

"Ke ai ba kya tsatsa. Abin da ke aiki kullum ba ya tsatsa."

"Bakina kake nufi ko?"

"Ni na ce?"

Irin wannan raha ba ta da yawa a wancan lokacin. Karatun yana wahalar da Abba. Malamin da ke duba aikinsa yakan dawo masa da babi ɗaya sau da yawa, Abba ya zauna a teburin cin abinci da kwamfuta a gabansa, shayinsa ya huce bai sha ba. Wani lokaci in gaishe shi da na dawo daga makaranta, sai na shiga ɗaki na cire hijabi sannan in ji ya ce, "Mamana, kin dawo?" Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa yake kirana haka.

Ƙofar da ke kallon tamu ta wani dattijo ce Bamalaye da matarsa. Abba yana kiransa Pakcik, wato kamar ka ce baffa. Ni kuma aka ce in riƙa kiransa Atuk, kaka ke nan. A ƙaramin masallacin da ke ƙasan benen suka saba da Abba. Da Atuk ya ji aikin Abba a gida, sai ya gaya masa cewa shi ɗan wata ƙungiyar wasan harbi ne tun yana saurayi, yana da ƙaramar bindiga da lasisinta, kuma doka ta yarda ya je da baƙo su yi harbi a ƙarƙashin kulawarsa. Daga nan kowace Asabar da safe sai mu ji yana ƙwanƙwasa ƙyaurenmu da makullin motarsa.

"Tuan Polis, jom!"

Ma'anarsa, yallaɓai ɗan sanda, mu tafi. Abba ya hana shi wannan sunan har ya gaji.

Ranar Asabar Umma take yin tuwo da miyar kuka na sayarwa, ɗalibai 'yan gida su riƙa zuwa daga duk faɗin yankin Setapak suna yin tapau, wato su saya a ƙulle musu su tafi da shi. Falonmu yakan cika da surutu da dariya, ni kuwa in rasa inda zan sa kaina. Abba ya lura, sai ya fara tafiya da ni.

Filin harbin yana bayan gari, inda benaye suka ƙare, bishiyoyi suka fara. Akwai dokoki, kuma ba a wasa da su. Ni wurina wani benci ne can baya, da abin toshe kunne wanda ya fi kaina girma. Ba na taɓa komai. Sai an tsayar da harbi, kowa ya ajiye bindigarsa a buɗe a kan tebur, sannan a ba ni tsintsiya in tara kwanson harsasai in zuba a bokiti. Atuk ya ja mini kunne tun ranar farko, da Turancinsa mai haɗe da Malayanci.

"Ko guda ɗaya aka gani a aljihunki, ni da Abbanki ba a gida za mu kwana ba, lah."

Ban taɓa ɗauka ba. Amma nakan juya su in duba kafin in zuba. A gindin kowane kwanso akwai ɗan zagaye a tsakiya, Abba ya ce cibiya yake kiranta. Ya ce akwai wata siririyar allura a cikin bindiga, idan an ja kunama sai ta fito da ƙarfi ta doki cibiyar, cibiya ta ba da wuta, albarushi ya kama. Shi ya sa kowace cibiya ke da ɗan rami, inda allurar ta sauka. Na bindigar Atuk ramin zagayayye ne mai zurfi, har ƙwayar gero za ta iya zama a ciki. Ko an gauraya su da na wasu, ina iya ware nasa.

A filin nan ne nake ganin Abbana na Kano. Kafaɗunsa su miƙe, muryarsa ta fito. Idan aka jawo takardar da suka harba, su sunkuya a kanta shi da Atuk suna musu a kan wanda ya fi kusa da tsakiya.

"Wannan ramin nawa ne."

"Naka yana can gefe, Tuan Polis. Ka tambayi bishiyar da ke bayan katanga."

Daga nan mu tsaya a shagon mamak, irin masu shayin garin, mu ci gurasar da suke kira roti, su sha shayi mai kumfa, Abba ya yi ta ba da labari har Atuk ya riƙa goge hawaye. Nishaɗin yakan biyo shi gida, ya kai shi har tsakiyar mako.

Akwai abin da ya haɗa Umma da matar Atuk tun kafin su iya magana da juna sosai. Idan aka kawo maka abinci, ba ka mayar da kwano wayam. Matar Atuk ta aiko da wainar kwakwa, Umma ta mayar da kwanon da ƙosai, kwanon ya sake dawowa da wani abu. Ni ce 'yar aiken. Abba ma da irin wannan zuciyar yake kallon alherin Atuk. Mutum ya ɗauke ka a motarsa, ya ba ka bindigarsa, me za ka mayar masa? Yatsun Atuk sun fara ƙagewa, buɗe bindigar da goge ta yana ba shi wahala. Sai Abba ya karɓi aikin. Bayan an gama harbi yakan zauna a teburin gyara ya goge ta tas, Atuk kuwa ya tafi gaisawa da tsofaffin abokansa. A ƙarshe Abba ya zaro kwalbar turarensa daga aljihu. Bindigogin da ya sani a wurin aiki manya ne, tsofaffi, waɗanda ko man gyaɗa ka zuba musu ba sa ƙi. Kuma ya ga abin da garin nan ya yi wa kwaɗo. Yana shafawa ko'ina, har ɗan ramin da allura ke leƙowa ta cikinsa yakan ɗiga masa.

Wata Asabar Abba ya ja kunama, maimakon ƙara sai muka ji ƙas. Ko ta cikin abin toshe kunne na gane wani abu ya faru, domin kafaɗarsa ba ta motsa ba.

"Tsaya a haka," in ji Atuk. "Bakinta gaba. Wani harsashin nawa gare shi, sai ka juyo da ita ya tuna da aikinsa."

Suka jira. Da babu abin da ya faru, Abba ya fitar da harsashin, Atuk ya karɓa ya juya gindinsa. Ya kira ni da hannu in gani, ba tare da na taɓa ba. Allura ta sauka a cibiyar, amma ɗan tabo kawai ta bari, kamar an danna farce a jikin sabulu.

Ranar sau ɗaya ya faru, ba wanda ya damu. Mako na gaba ya ƙaru. Atuk ya ce wataƙila harsasan ne suka sha laima, ya buɗe sabon kwali, amma ba ta sauya zani ba. Ya ɗauki waɗanda suka ƙi tashi ya kai wa wani abokinsa mai irin bindigar, abokin ya sa a tasa, duk suka tashi. Harsashi ya fita daga zargi. Sai Atuk ya ce ko saman bindigar ne ba ya komawa ya rufe sosai, domin idan bai rufe ba allura ba ta kaiwa yadda ya kamata. Suka duba, yana rufewa. Ya karɓa ya harba da kansa don kada a ce riƙon Abba ne. A hannunsa ma ta yi ƙas.

Atuk ya ajiye ta a kan tebur, ya daɗe yana kallonta.

"Sifirin ɗin da ke tura allurar ne ya gaji," ya ce. "Ta tsufa kamar mai ita."

Ya ce irin wannan tsohuwar ba a samun kayanta a kusa, sai an nemi izini an yi odar su, kuma abu ne mai ɗaukar lokaci. Gasar dattawan ƙungiyar kuwa ta matso, wadda bai taɓa fashinta ba. Ya faɗi haka yana murmushi, amma ranar ba mu tsaya a mamak ba.

Da muka dawo gida na ji Abba yana gaya wa Umma a kicin, muryarsa ƙasa ƙasa.

"Shekara da shekaru tana hannunsa lafiya lau. Daga zuwana. In dai a hannuna ta lalace, ba ni da fuskar da zan sake shiga motarsa."

"Kai ma dai. Ƙarfe ne fa, ba ya tsufa?"

Abba ya fito daga kicin. Ya koma teburinsa.

Ni kuwa akwai abubuwan da na sani, na rasa yadda zan yi da su. Na san ramin cibiyar bai zama tabo rana ɗaya ba. Makonni ke nan ina ganin yana raguwa a bokitina, har a jikin waɗanda suka tashi. Na san kwaɗon ƙofarmu ya daina tsatsa, amma ya daina tsalle. Da idan ka murɗa makulli sai ya buɗe ɓat, yanzu kuwa a hankali yake ɗagowa kamar mai tashi daga barci, baƙin maiƙo yana tsattsafowa ta bakinsa. Na kuma san cewa Umma, duk Litinin bayan Abba ya fita, takan wanke cikin kekenta da kananzir ta sake sa masa man keke zalla. Ta gan ni ina kallonta wata rana, ta ce, "Ba ki ga komai ba." Kuma a Asabar ɗin da ta wuce, da aka ajiye bindigar a buɗe, na hango irin wannan baƙin maiƙon a bakin ramin allura.

Duk makon ina juya abin. Idan na yi shiru, Atuk zai rasa gasarsa yana zaton bindigarsa ta mutu. Idan na faɗa, abin da Abba yake tsoro ya tabbata, kuma daga bakina.

Asabar ta zo, muka je don Atuk ya nuna wa mai gyaran bindigogi na ƙungiyar. Aka ce ya fita, sai an jima. Suka zauna a teburin gyara suna jira, bindigar a buɗe ba harsashi. Abba ya ɗauko tsumma don hannunsa ya sami abin yi, sannan ya zaro kwalbar turare. Da na ga ya cire murfin, ban san lokacin da na tashi daga benci ba.

Da Hausa na yi maganar, don kada Atuk ya ji.

"Abba, kwaɗonmu ma haka ya yi."

"Wane kwaɗo, Mamana?"

"Na ƙofa. Tun da ake sa masa man nan ya daina buɗewa da sauri. Maiƙon yana riƙe shi. Ga irinsa can a ramin allura."

Abba ya kalli ramin. Ya kalli kwalbar. Ya mayar da murfin a hankali ya ɗaure. Na yi zaton zai sa ta a aljihu ya yi shiru har mai gyara ya zo, domin babu wanda ya ji mu. Sai ya ajiye ta a gaban Atuk, ya juya harshe ya gaya masa komai: abin da ke cikin kwalbar, da inda yake ɗigawa, da tun lokacin da ya fara.

Atuk ya buɗe kwalbar ya sunsuna. Ya ɗiga a yatsa ya murza.

"Basilin?"

"Basilin."

Sai ya jawo akwatin kayan aikinsa. Shi yana faɗa, Abba yana yi, har suka fitar da allurar. Ba ta fito da kanta ba, sai da aka jawo ta. Jikinta da sifirin ɗin duk sun lulluɓe da wani baƙin abu mai danƙo, kamar kwalli da aka kwaɓa da man shanu. Atuk ya ce toƙar albarushi ce ta haɗu da maiƙon. Allurar tana fitowa, amma kafin ta ratsa wannan taɓon ƙarfinta ya ƙare. Suka wanke da ruwan wanke bindiga, suka yi ta tura auduga a ramin tana fitowa baƙa, har ta fara fitowa fara. Suka bar komai ya bushe.

"Nan wurin ba ya son mai," in ji Atuk. "Ko ɗigo. A bushe yake aiki."

Da aka buɗe fili, Atuk ya cika ta ya harba har ta ƙare. Ya sake cikawa ya miƙa wa Abba. Babu wanda ya ƙi tashi. Da aka ba ni tsintsiya na duba cibiyoyin, ramukan sun dawo da zurfinsu.

Atuk ya yi dariya har da tari. "Tuan Polis, ka ba ta makan da yawa, lah! Ta ƙoshi ta kasa gudu." Ya kira abokansa yana nuna musu kwalbar turare, suna miƙa wa juna suna sunsunawa. Ba da mugunta suke yi ba. Ɗayansu ma ya ce shi ya taɓa yin wanda ya fi haka. Abba ya yi dariya tare da su, amma ni na ga yadda yake murza bayan wuyansa. A mota ya dafa kaina ya ce, "Allah ya yi miki albarka, Mamana."

Asabar ta gaba, tun kafin Umma ta ɗora tukunya, Abba ya ɗauki jakarsa ya ce zai je ɗakin karatu na jami'a. Da makulli ya ƙwanƙwasa ƙyaure, Umma ce ta fita ta ba da haƙuri. Wadda ta biyo baya ma haka. A ta uku ba a ƙwanƙwasa ba. Na ji buɗewar ƙofar Atuk, na ji takunsa ya ɗan tsaya a gaban tamu, sannan ya wuce wajen lif. A masallaci suna gaisawa, in ji Umma, amma Abba yana idar da sallah yake neman takalmansa. Kwalbar turare ta ɓace daga gidan. Lahadi ta zama shiru. Shayi ya koma hucewa a kan tebur.

"Kunya ce," in ji Umma, tana tuƙa tuwo. "Tun yana saurayi haka yake. Da a ce shi aka yi wa ɓarna, da tuni ya manta."

Wata Juma'a da yamma ta ba ni kwanon matar Atuk, ta zuba dambun nama a ciki. Na tsallaka na ƙwanƙwasa. Atuk ne ya buɗe, da zaninsa na zaman gida. Ya karɓi kwanon da hannu biyu, domin yatsun hannu ɗaya ba sa riƙewa, ya leƙa ciki ya ce matarsa ba za ta ga ko ƙwaya ba. A ka'ida nan nake juyawa da gudu. Ranar na tsaya, ina kallon silifas ɗinsa.

"Akwai wani abu, jikata?"

Na tambaye shi lafiyar bindigar. Ya ce lafiyarta ƙalau, gasa ma saura kaɗan. Sai dai tun ranar ba a goge ta da kyau ba, ya ɗaga yatsunsa ya nuna mini. Na haɗa ɗan Malayancin da na koya a makaranta da Turanci, na ce:

"Atuk, boleh in roƙe ka wani abu? Gobe ka zo da wuri, kafin Abba ya ɗauki jaka. Kada ka ce masa ya zo ya yi harbi, ba zai zo ba. Ka nuna masa hannunka, ka ce ya zo ya goge maka ita."